Kundin Gyaran Hamar Haƙa Dutse Mai Aiki da Haidirolik

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Hamar tana bisa motar haƙa mai ƙafar katafila a wani wurin fasa dutsen giranit. 'Yar ajin kilowat 18 ce, mai bugu ta saman rodi. Tana aiki da rodi samfurin T45 mai tsawon mita 3.66 da bit (kan haƙa da ke ƙarshen rodi, mai cin dutse) na milimita 89, ramukan nakiya kuma zurfinsu mita 12 ne. Ƙorafin masu ita uku ne. Gudun haƙa ya faɗo daga kusan mita 1 a minti zuwa ƙasa da santimita 60. Shanki uku sun karye cikin wata guda. Shanki kuwa shi ne ƙarfen da ke zaune a bakin hama, fistin ya daki gindinsa, shi kuma ya miƙa dukan ga rodi. Na uku, tiyon bugu yana fizga da ƙarfi har ya fara goge jikin tiyon da ke kusa da shi.

Yau ba mu sauke ta ba, domin akwai abubuwan da ba a ganinsu sai tana kan dutse. Ofireta ya haƙa rami ɗaya muna karanta geji. Matsin bugu na fara rami bar 135 ne (bar ma'aunin matsi ne), na cikakken bugu bar 195, duka daidai da yadda aka saita, amma allurar tana karkarwa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Matsin juyawa yana zama a bar 45, can sai ya yi tsalle zuwa 90. Rodi ɗaya ya ci minti 6 da daƙiƙa 20 kafin ya nutse. Zafin mai a tanki ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas, alhali tsakanin 40 da 60 ake so.

Abubuwa biyu sun fi damun mu. Da aka janye hama muka duba shanki, sai muka same shi a bushe ƙayau, babu ko danshin man shafawa. Sannan mahaɗar rodi ta farko ta koma shuɗiya, ƙarfe kuwa ba ya ɗaukar wannan launi sai ya kusanci digiri 300. Agogon bugu ya nuna awa 730 tun buɗewar ƙarshe, littafin injin kuma ya ce a buɗe ta duk awa 400. A lura, awannin bugu ake ƙirgawa, ba awannin da injin dizal ya yi yana kunne ba. Mun ɗebi samfurin mai a kwalba mai tsabta tun yana da zafi, za a kai ɗakin gwaji.

Talata, 14 ga Janairu

An sauke bim ɗin da hama ke gudu a kai ya kwanta, aka kashe injin, aka motsa liba-liban sarrafawa don matsin da ya rage a layi ya sauka. Mun wanke hamar tun tana kan sirdinta kafin a taɓa tiyo ko ɗaya. Kowane tiyo an ɗaura masa lamba, bakin tiyon da bakin hamar duk an toshe su da murfin ƙarfe nan take. Ba a toshewa da tsumma ko leda: zaren tsumma ɗaya ya isa ya maƙale bawul. Ga hunturu, ga ƙurar dutse, bakin da aka bari a buɗe na minti biyar ya riga ya sha ƙasa.

Nauyinta ya haura kilo 170, don haka da ƙugiya da majanyin ɗaukar kaya aka ɗaga ta. A gareji an share ɗaki ɗaya mai ƙofa, aka shimfiɗa roba a kan tebur, aka hana yin walda da giranda a kusa har aikin ya ƙare.

Laraba, 15 ga Janairu

Akumuleta muka fara da ita, kuma nan ne babbar ɓarnar take.

Famfo yana turo mai a jere ba yankewa, amma fistin yana shan man ne a fizge, kusan sau 50 a daƙiƙa. Akumuleta ce ke daidaita tsakaninsu. Tukunyar ƙarfe ce da tantanin roba ya raba biyu, gefe ɗaya iskar naitirojin, gefe ɗaya mai. Lokacin da fistin ba ya buƙatar mai da yawa, sai man ya danne iskar ya taru. Lokacin da zai kai duka, iskar ta turo man ya ƙaru a kan na famfo. Idan tantanin ya fashe, wannan ajiya ta tafi. Dukan ya yi rauni duk da geji na nuna bar 195, kuma duk girgizar da akumuleta ke shanyewa ta koma kan tiyo da bututu da sil, wato robobin hana yoyo. Abin da ya sa tiyo ke fizga ke nan.

Kafin a kwance noti ko ɗaya sai an saki iskar ta bawul ɗin cikawa, a hankali, fuska ba ta saitin bakin. A wannan ba a yin gaggawa, ko da ana zaton babu iska a ciki. Akumuleta biyu ke jikin hamar: ta ɓangaren shigar mai da ta damfa, wato sashen da ke shanye ƙarfin dukan da ke dawowa daga rodi. A ta ɓangaren shigar mai, babu iskar da ta fito, mai ne ya tsiyayo. Da aka buɗe, tantanin ya yage daga tsakiya zuwa gefe, gefen yagewar kuma ya yi sulɓi, alamar an daɗe ana aiki da ita a haka. Ta damfa tana da sauran bar 9 maimakon 20 zuwa 25, tantaninta bai fashe ba amma ya taurare ya yi tsatstsage saboda zafi.

A ramukan da mai ke bi daf da akumuletar shiga mun ga ƙarfe ya yi ƙananan ramuka masu kaushi. Wannan cin kumfa ne. Idan matsi ya faɗi farat ɗaya, kumfa na fitowa a cikin mai. Da matsin ya dawo sai kumfar ta fashe a jikin ƙarfe ta ɓantare shi kaɗan-kaɗan. Bai kai mazaunin sil ba, saboda haka gangar jikin za ta ci gaba da aiki. Da an ƙara wata ɗaya a haka, maganar sabuwar ganga za a yi, ita ce kuwa mafi tsada a duk hamar.

Mun duba tiredin murafen akumuleta biyun da gilashin ƙara girma, babu tsaga. Bol ɗin da ke riƙe su za a sauya su duka, ba a maimaita su bayan irin wannan girgiza.

Alhamis, 16 ga Janairu

Gaban hama: kan gaba, akwatin iskar fitar da gari, zoben tsayar da shanki, bushin mai haƙora da ke juya shanki, da giya.

Bushin ɗin gaba, wanda ke riƙe shanki ya miƙe, ya buɗe da milimita 1.4 a kan girmansa na asali, iyakar da littafi ya yarda da ita kuwa milimita 1 ce. Cin bai zagaye daidai ba, ya fi yawa ta ƙasa. Haƙoran tagulla na bushin mai juyawa sun siraice sun yi kaifi, garinsu ya cakuɗe da ƙurar dutse ya zama baƙin ƙulli. Duk wannan aikin rashin man shafawa ne. Iskar da ke kawo man tana da aiki na biyu da mutane ke mantawa: tana cika gaban hama da ɗan matsi don ƙura ta kasa shiga. Da ta tsaya, mai ya yanke, ƙura kuma ta samu hanya.

An kawo mana karyayyun shankin uku. Biyu sun karye a gindin tiredi, ɗaya a ƙarshen haƙora. A fuskar karayar akwai sashe mai sulɓi da layuka masu lanƙwasa, sannan sashe mai kaushi. Mai sulɓin shi ne inda tsaga ta yi ta tafiya a hankali, mai kaushin kuma inda ragowar ƙarfen ya ɓalle lokaci guda. Ma'ana gajiya ce ta karya su, ba rashin ingancin ƙarfe ba. Shankin da ke rawa a cikin bushin yana karɓar duka a karkace, kowane duka yana ɗan lanƙwasa shi, sau 3,000 a minti.

Zoben tsayarwa ya lotsa, shaidar ana yawan bugun wofi, wato a bar hama na duka alhali bit bai zauna a kan dutse ba. Robobin sil na akwatin iska sun ƙone. Boris ɗin giya masu siffar mazurari suna da kyau, giris ne kawai ya bushe.

Juma'a, 17 ga Janairu

An kwance dogayen bol huɗu na gefe, waɗanda ke ɗaure sassan hamar wuri guda. Uku sun yi tauri yadda ya kamata, ɗaya ya kwance da ɗan taɓi. A fuskar da gangar tsakiya ke haɗuwa da gidan giya, ta wannan kusurwar, akwai jan gari mai kama da tsatsa. Ba ruwa ne ya kawo shi ba, gogayyar fuskoki biyu ne da suka samu damar motsi. Mun ɗora fuskar a kan faranti mai shafe, muka goge ta da takardar yashi mai laushi ƙwarai, muka auna, ba ta karkace ba.

An zaro fistin da hannu biyu, ba a bari ya taɓa gefen ganga ba. Fuskar da ke dukan shanki ta ɗan ɓantare a gefe ɗaya, wanda ya dace da abin da muka gani jiya. A jikinsa akwai dogayen ƙarce guda biyu da farce ke kamawa. Tazarar da ke tsakanin fistin da bushin ɗin da ke jagorantarsa ana auna ta ne da kashi ɗari na milimita. Mun samu 0.09 a gaba, iyaka kuwa 0.06. Gashin kai ɗaya kaurinsa wajen 0.07 ne, to ka ga irin ƙanƙantar ƙazantar da ke iya yin wannan ƙarce. Mai yana zurarewa ta irin wannan tazara daga ɓangaren matsi zuwa na komawa, ƙarfin ya zama zafi maimakon duka.

Mun yi gwajin tsaga da jan ruwa: a wanke ƙarfe, a fesa jan, a bar shi minti 15, a goge, a fesa farin hoda. Wani siririn jan layi ya fito a wuyan fistin kusa da fuskar duka. Wannan ya yanke hukunci. Ba a walda fistin, ba a kai shi wurin mai juya ƙarfe a rage shi, domin taurinsa a fatar waje yake; idan ya karye a ciki, ganga da bawul yake tafiya da su.

Bawul ɗin da ke juya alƙiblar mai yana zamewa da nauyin kansa a cikin gidansa idan an shafa masa mai, gefunansa kuma da kaifinsu. Za a mayar da shi. Fistin ɗin damfa yana da ɗan cin kumfa a bayansa amma bai taɓa inda sil ke gudu ba. Zoben ƙarfen da ke tsakaninsa da shanki ya ci fiye da milimita 1, za a sauya.

Asabar, 18 ga Janairu

An aika odar kaya Legas: fistin 1, bushin ɗin jagora 2, cikakken saitin sil 1, tantanin akumuleta 2 da bawul ɗin cikawa 2, bol ɗin akumuleta, dogayen bol na gefe 4 da notocinsu, bushin ɗin gaba, bushin mai haƙora, zoben tsayarwa, zoben damfa, shanki 2. An yi odar da lambar da ke jikin hamar, saboda masu suna ɗaya kan bambanta a ciki. Sauran sassan an shafe su da mai an naɗe a leda.

Talata, 21 ga Janairu

Kafin kaya su iso mun koma kan motar. Duk abin da ya lalata hamar nan daga waje ya zo mata, kuma yana nan yana jiran sabbin kayan.

Sakamakon mai ya fito: 22/20/17 a ma'aunin ISO 4406, abin da ake nema kuwa 20/18/15. Kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki biyu ne na yawan ƙwayoyin datti, don haka mataki biyu ninki huɗu ke nan. Sinadarin silikon ya yi yawa a ciki, wato ƙurar dutse ce. Hanyar shigarta ba ta ɓuya ba: filtar numfashi ta saman tanki ta tsage, kuma da bokiti da mazurari ake ƙara mai. An zubar da man, aka buɗe tanki aka goge gindinsa, aka sa sabuwar filtar numfashi da sabuwar filtar komawa ta maikiron 10. Sabon mai na ajin kauri ISO VG 68 ne, wanda ya fi dacewa da zafinmu, kuma ta famfo mai filta aka shigar da shi. Man da ke cikin sabuwar durom ba shi da tsabtar da hama ke so. An haɗa tiyon shiga da na komawa baki da baki aka zagaya mai na awa biyu don wanke layin.

Lagireton sanyaya mai ya toshe da ƙura da maiƙo. An hure shi daga ciki zuwa waje.

Sai layin man shafawa. Famfonsa na aiki, amma ƙaramin tiyon ya matse a inda ya bi ta ƙarƙashin bim, kuma abin da ke tankinsa baƙin man mota ne. Wannan kuskure ne da ya yaɗu. Man hamar dutse daban yake, yana da danƙo da ke sa ya manne wa ƙarfe, yana kuma jure matsi mai tsanani tsakanin haƙora. An wanke tankin, aka sauya tiyo aka canja masa hanya.

Takalman da sirdin hama ke zamewa a kansu sun ci, sirdin na rawa milimita 4 gefe da gefe. An sauya su aka saita. Mariƙin rodi na ƙarshen bim ma an sa masa sabbin muƙamuƙai, aka ja zare daga tsakiyar sirdi zuwa tsakiyarsa don tabbatar da layi ɗaya suke.

Litinin, 27 ga Janairu

Kaya sun iso, an gwada kowanne da tsohonsa kafin a fara haɗawa.

Kowane sashe an sake wanke shi, aka busar da iska, aka shafa masa man haidirolik mai tsabta. Sil masu leɓe suna da gaba da baya: leɓen yana kallon inda matsi ke fitowa. Wanda aka juya zai yi yoyo tun minti na farko. An jiƙa su a mai mai ɗumi don su yi laushi, aka zaunar da su da sandar roba, ba da sukundireba ba. A bakin fistin an sa hular kariya kafin a tura shi, don kada kaifin gefensa ya yanki sabon sil. Bayan ya shiga an gwada shi da hannu, yana tafiya gaba da baya ba tare da cijewa ba.

An saita matsewar boris ɗin giya da siraran faranti kamar yadda littafi ya nuna, aka cika gidan da giris mai jure zafi har ya fito ta ramin numfashi. Ba a toshe wannan rami. Idan giris ya rasa mafita, sil yake turewa.

Dogayen bol ɗin gefe an shafa wa tiredinsu da ƙasan notocin man tiredi, aka ɗaure da sifana mai awo, a gicciye, mataki uku a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm: 100, sannan 200, sannan 300 da littafin wannan hamar ya bayar. Wanda ya ɗaure ɗaya har ƙarshe kafin ya taɓa sauran ya karkatar da ganga, fistin kuma zai ci gefe. Tantanin akumuleta an shafa wa bakinsa ɗan man silikon, aka tabbatar ya zauna a raminsa ko'ina kafin a rufe.

Talata, 28 ga Janairu

Cika akumuleta. Naitirojin kaɗai ake sawa. Iskar oksijin ta masu walda idan ta haɗu da mai a ƙarƙashin matsi fashewa take yi, iskar kwamfireso ma tana ɗauke da oksijin da danshi. An karanta rubutun jikin silinda, ba a dogara da launin fenti ba. An ɗaura regileta, aka buɗe a hankali don tantani ya kwanta ba tare da ya naɗe ba.

Ƙa'idar akumuletar shiga ita ce bar 30 zuwa 40 ƙasa da matsin fara rami. Namu 135 ne, don haka aka sa 100. Ta damfa aka sa 25. Idan iska ta yi yawa, tantani zai riƙa dukan gindin tukunya a kowane bugu har ya huje, shi ya sa ɗan ragi ya fi ɗan ƙari aminci. A kuma tuna da zafi: bar 100 da aka cika a digiri 20 zai karanta kusan 114 idan hama ta kai digiri 60. Da sanyinta ake aunawa. An shafa ruwan sabulu a bawul biyun, babu kumfa.

Laraba, 29 ga Janairu

An mayar da ita kan sirdi. Da farko an bar mai ya zagaya ta damfa na minti biyar don iska ta fita, sannan juyawa kaɗai ba bugu. An saita man shafawa a ɗigo 35 zuwa 40 a minti, iskarsa a bar 2, aka jira har kwalin da aka kara a gaban hama ya nuna feshin mai. Da kwali kuma aka bi tiyo ana neman yoyo. Ba a laluben yoyon haidirolik da hannu, domin siririn mai a bar 190 yana huda fata ya shiga nama, kuma raunin na buƙatar tiyata cikin gaggawa ko da ya yi kama da sukar allura.

Rabin awa na farko a ƙaramin bugu aka yi shi. Tiyo ya natsu, allurar geji ta tsaya.

Saitin turawa, wato ƙarfin da ke danna hama da rodi a kan dutse, ya ɗauki lokaci. An same shi ƙasa da yadda ya kamata, da alama an rage shi ne don a tausaya wa rodi, alhali akasin haka yake haifarwa. Dukan fistin yana bin rodi da gudun kusan mita 5,000 a daƙiƙa. Idan bit ya zauna daram a kan dutse, ƙarfin ya shiga dutsen. Idan bai zauna ba, ƙarfin ya dawo baya yana jan ƙarfe, tiredi ya saki, mahaɗa ta yi ta gogayya har ta yi shuɗi. An riƙa ƙara turawa kaɗan-kaɗan har juyawa ta zauna a bar 55 ba tsalle, mahaɗa kuma ta daina ƙara.

Saurin juyawa an lissafa shi ne. Zagayen bit na milimita 89 kusan milimita 280 ne. Ana so ƙwayar gefe, cikin ƙwayoyi masu tauri da ke fuskar bit, ta matsa wajen milimita 10 tsakanin duka da duka, ga duka 3,000 a minti, sai lissafi ya ba da zagaye 107 a minti. An saita a 105.

Da tsohon bit rodi ɗaya ya ci minti 4 da rabi. Da muka duba, ƙwayoyin kabaid na milimita 12 sun shafe har faɗin milimita 6, alhali da shafewar ta kai sulusin ƙwaya, wato milimita 4, ya kamata a wasa. Da aka sa wasasshen bit, rodi ya nutse a minti 3 da daƙiƙa 40, kusan mita 1 a minti. Zafin mai ya tsaya a digiri 58.

Alhamis, 30 ga Janairu

Bayan yinin aiki na farko an sake bin bol ɗin gefe da sifana mai awo. Biyu sun ɗan ƙara shiga, wanda ba abin mamaki ba ne ga sabbin fuskoki da ke zama. Na akumuleta da na sirdi ba su motsa ba.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Awa 52 na bugu. Shanki na farko yana nan, haƙoransa da danshin mai, fuskar dukansa a shafe. Akumuletar shiga ta karanta bar 98 da sanyin safiya, ta damfa 24. Samfurin mai na biyu ya dawo 20/18/15.

An manna takarda a ɗakin ofireta. Kullum: a duba mai a jikin shanki, a kalli tiyo ko yana fizga, a kalli ramin shaida na akwatin iska, wanda ke nuna yoyo idan sil ya lalace, a tsayar da bugu da zarar bit ya bar dutse. Duk awa 40 na bugu: giris a gidan giya, a bi bol da sifana mai awo, a auna akumuleta, a auna bushin ɗin gaba. Buɗewa ta gaba idan agogo ya cika awa 400 daga ranar 29 ga Janairu.

Abu biyu suka rage. Tiyon bugu da ya sha girgiza an ga wayarsa ta fara bayyana kusa da kai, an yi odar sabo mai ɗaukar matsin da ya dace, za a sa shi ranar da ya iso. Sannan injin tsotsar ƙura na motar ba ya ja sosai, filtocinsa sun cika. Ƙurar giranit tana ɗauke da silika mai lalata huhu, kuma ita ce dai ke komawa tankin mai, don haka mun nemi a tsayar da motar rabin yini ranar Alhamis a sauya su.